Ƙarfe Uku a Sheffield

Ƙarfe uku na dare.
Yayyafi na ƙwanƙwasa tagar ofis,
sama a rufe ruf kamar tukunya da murfi,
ko Zara ba a gani, balle 'yan rakiyarta.
Ni kuwa ga ni zaune ina ƙirga gawar taurari
da madubin hange ya aiko daga tsaunin wata ƙasa.

Morwenna ta ajiye mini shayi, ta ɗauki lemarta.
Ɗigo goma sha ɗaya ta bar mini a fuskar kwamfuta.
Ta ce, "Raba su gida-gida kafin safiya."

Gida-gida!
Mutane sun ce mutuwa ɗaya ce, sanadi ne ya bambanta.
A nan sanadin ne ɗaya.
Fitar ce kowa da irin tasa.

Babban tauraro maƙeri ne da bai san Juma'a ba.
Shekaru miliyoyi yana zuga, haidirojin ne gawayinsa.
Ya ƙare, ya juya kan tokar ya hura ta,
ita ma ta ƙare, ya hura tokar toka,
kowace wuta ta fi ta baya zafi, ta fi ta gajarta,
har ta ƙarshe ba ta wuce 'yan kwanaki.
Sai ƙarfe.
Ƙarfe ba ya ba wuta abinci, nata yake cinyewa.
Kafin ka ce kwabo zuciya ta rufta,
abin da ya kai girman duniyarmu
ya dunƙule, bai fi nan zuwa Barnsley ba.

Na farko ya mutu da babbar rigarsa.
Kwana ɗari haskensa na tsaye, bai rage ba,
kamar dattijon da ya ce zai tafi
ya tsaya bakin zaure yana ta gaisuwa.

Na huɗu, maƙwabcinsa ya tuɓe shi tun yana raye,
riga ta tafi, 'yar ciki ta bi ta.
Tsirara ya fashe.
Ya ɗan haska, mako uku, ya kama hanya.

Na bakwai ya daɗe yana zubar da kayansa a ƙofar gida.
Ran da ya tashi gudu, da su ya yi karo.
Karon nan nake gani,
siririn layi mai kaifi kamar tsagar wanzami.

Akwai wanda ya ninka sauran sau hamsin.
A kansa ake musu a ɗakin shayi,
Farfesa ya ce maganaɗisu, Gethin ya girgiza kai,
biskit ya ƙare, musu bai ƙare ba.

Na goma ne ya sa na ajiye kofi.
A tsohon hoto yana nan, ja wur.
A sabo, babu.
Ba ƙara, ba haske, ba wanda ya yi masa kuka,
ya haɗiye kansa, ya ja ƙofa.

Kakana Ɗanliti, in yaran maƙera sun gudu wasa,
ni yake kira in riƙe masa zuga-zugi.
Yakan ce tama daga ƙasa take.
Kaka, da gaskiyarka, amma baƙuwa ce a can.
Wata maƙera ce ta tarwatse tun ba a yi rana ba,
ɓarɓashinta ya sauka a masabarka,
a tsofaffin masana'antun garin nan,
a jinin da ke bugawa a wuyan hannuna.

Saura na sha ɗaya.
Da rigarsa ya fara, yau na duba, babu rigar.
Na sa shi nan, ya ƙi. Na sa shi can, ya ƙi.
Na rubuta: ban sani ba tukuna.

A waje motar dogo ta farko ta kwano kwana,
ƙarfe na kuka a kan ƙarfe.
Shayin ya huce tuntuni.
Na shanye shi a haka.