Zabuwar Kawu Gidado

A ƙarƙashin gwangwanayen fenti na same ta,
ranar da muke kwashe shagonsa na bakin tashar Kumo:
takardar buhun siminti, ninki huɗu,
ɓera ya ɗanɗana gefe guda ya bar mana sauran.

Kawu Gidado, mai zana zakuna a bayan motocin katako,
ya rubuta HAƘURI MAGANIN ZAMAN DUNIYA
har hannunsa ya haddace,
baƙaƙensa tsaye cak kamar sojan fareti.
Amma ban da nan.
Nan sun sha tuntuɓe,
wata "k" ma ta jingina da 'yar'uwarta tana riƙe ciki.

Waƙar Goggo Dudu ce, ta bakin turmi,
ta marowacin da ya kai ƙarar zabuwarsa gaban alƙali
don ta yi ƙwai a gonar maƙwabci.
A baiti na uku, inda aka ce zabuwa ta rantse,
alƙalami ya zame, ya ja layi har bakin takarda.
Na san wurin.
Nan dariya ke kayar da shi,
ya ajiye buroshi, ya dafa bango, hawaye na bin gemu.

A gefe ya zana ta:
wuya dogo, ido a ƙanƙance, riga ɗigo-ɗigo.
Alƙalin kuwa bai ƙarasa shi ba,
kunne ɗaya gare shi har yau.

Sai baitin ƙarshe, inda hukunci yake.
Shuɗin fenti ya ɗiga daidai kansa,
ya bushe, faɗin kwabo.
Na ɗaga ta ga rana, na kankare da farce,
na samo "sai" da rabin wata kalma. Shi ke nan.

Yaya Asabe ta Pindiga ta ce zabuwa ce ta ci shari'a.
Baffa Jalo ya ce ina!
Miya aka yi da ita, alƙali ya sha romo.
Suka yi ta musu har shayi ya huce,
kowa na rera nasa,
ba wanda ya hau karin.

Na mayar da ita ninkinta,
warin kananzir bai bar ta ba.
Jiya 'yata ta ce, "Baba, to wa ya yi nasara?"
Na buɗe baki in ce ban sani ba,
sai na ji kafaɗuna suna rawa irin tasa.