Kushbu

A Kannauj aka haife ni, bayan rumfar tukwanen tagulla,
inda ruwan kwata ma, in ya ratsa lungunmu,
sai ya fita da ƙamshin fure a jikinsa.
Kushbu aka raɗa mini.
Shekara tara ina amsawa,
ban san me nake amsawa ba.

Kakana Ishtiyak ne ya ɓare mini sunan
kamar gyaɗa, ya nuna mini 'ya'ya biyu a tafin hannu.
"Kush," in ji shi, "daɗi ke nan, farin ciki.
Bu kuwa, duk abin da hanci ya tsinta a hanya.
Daga Farisa suka taso tare,
a bakin fatake da na mawaƙa,
suka haura duwatsu, suka ƙetare koguna,
ba su yada zango ba sai a kanki."

Na ce, "In aka bar bu shi kaɗai fa?"
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"A garin nan, in kakarki ta ce tana jin bu,
je ki nemi mushen ɓera a bayan buhu.
Shi kaɗai ba shi da tarbiyya.
In bad ya sha gabansa, ya zama badbu, ɗoyi tsagwaronsa.
Kalma ma, yarinya, da abokin tafiya take gyaruwa."

"To attar fa, da muke sayarwa?"
"Wannan jikan Larabawa ne.
Shi ne man da ke zaune cikin kwalba,
ana auna shi, ana taya shi, ana sallamawa.
Kushbu ba ta hawa sikeli.
Ita ce mai fita in an zare murfi,
ta shiga hancin mai kuɗi da na ɗan dako,
ba ta tambayi kowa ko sisi ba."

Da bazara yakan sa a kawo gasasshen yumɓu,
a zuba a tukunya, a liƙe baki da laka.
Ramautar na iza wuta, yana taɓa tagulla da yatsa,
tururi ya bi gora ya gangara,
ya kwanta cikin man sandal, ɗigo bayan ɗigo,
har ƙamshin ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa
ya yarda ya zauna a kwalba.
Mutanen da suka yi nisa da gida ke saye,
su shinshina, su yi shiru.

Sai wata shekara zazzaɓi ya kwantar da shi.
Ya tashi da ƙafarsa, da idonsa, da faɗansa,
hancin ne kawai bai taso ba.
Na gan shi ya cusa fuska cikin kwandon wardi
da aka tsinko tun kafin asuba,
ya ɗago, ya dubi bango, ya ce, "Takarda."

Tun ranar na zama hancinsa.
Yakan ɗiga mini a bayan hannu, ya jira.
In na ce, "Da daɗi," sai ya tsuke baki:
"Daɗi kowa ya iya faɗa. Gaya mini me ya zo."
Sai in ce, "Randa sabuwa. Ƙasan tabarma.
Can baya kuma, hayaƙi kaɗan, Ramautar ya cika itace."
Ya kaɗa kai, ya ƙwala wa Ramautar kira.

Yanzu ba ya zuwa rumfa.
Yana kan gadon igiya, gindin bishiyar maina,
da magariba sai in ji ya ce, "Kushbu,"
a hankali, ba irin kiran aike ba.
Nakan tsaya a bakin ƙofa, hannuna duk toka,
ban san ko ni yake kira ba,
ko waccan da ta fita ba sallama.
Duk da haka nakan amsa.