Murfin Butar Dorin

Fam tamanin na miƙa wa matar marigayi,
ta ƙi ƙirgawa.
Ta ce, "Shekara tara ban buɗe ɗakin nan ba.
Kwashe shi kafin in sake shawara."
Mu huɗu muka ciccibe shi, har da Garzali mai tasi,
wanda ƙugunsa bai yafe mini ba har yau.

Ga shi nan a garejina, a Hadasfil,
garin da ruwan sama ba ya sallama.
Injin feƙe ƙarfe, ya girme ni da sha ɗaya,
jibge kamar san huɗa da ya ƙare damina.
Tsatsa ta yi masa lalle har gwiwa.
Na kama hannunsa zan juya, ya ƙi ƙememe.

Ban matsa masa ba.
Babana, a loko na Zariya, yakan ce
notin da ya kafe kamar yayanka ne in ya yi fushi,
ba a fara masa da guduma.
Na jiƙa shi da kananzir, na tafi aiki,
na kai bas Halifas, na dawo,
na sake jiƙawa.
Ran na shida, bayan isha'i, ya ce ƙas, ya saki.
Ni kaɗai a gareji, na ce masa sannu.

Daga nan sai fiɗa.
Kowane noti da gwangwanin tumatirinsa,
Nusaiba na rubuta lamba a jiki
tana tambaya, "Baba, wai me zai riƙa yi?"
Ɓera ya cinye bel.
Giya ɗaya ta yi giɓi, haƙora biyu,
sai da na jira mako uku wani tsoho a Lids
ya tono mini 'yar'uwarta cikin tarkace.
Sanyi ya shigo, yatsu suka daina jin magana.
Ina goge gadonsa da sanfefa, inci bayan inci,
har farin ƙarfe ya leƙo
kamar tafin jariri.
Sa'ade ta ce gidan duk warin giris,
har miyar kuka ba ta tsira ba.

A can ƙuryar aljihun tebur
na iske gwangwanin taba.
Ciki, guntun tagulla an fara feƙewa an bari,
da takarda, rubutun fensir ya kusa gogewa:
awo uku, zanen wani abu mai kamar albasa,
a ƙasa kuma, suna ɗaya. Dorin.

Ran da na kunna shi, na fara da bisimilla.
Ya yi tari, ya yi gunaguni,
sannan ya kama zance daga inda ya tsaya.
Tagulla na zubowa nannaɗe
kamar ɓawon lemo a wuƙar gwani.
Na ɓata uku a kan nawa ƙarfen
kafin in yarda in taɓa nasa.

Lahadi na ƙwanƙwasa ƙofarta.
Ta juya abin a tafinta, ta daɗe.
Ta shiga ciki ba magana,
ta fito da butar shayi,
murfinta ɗaure da waya inda mariƙi ya karye.

Muka ɗaura.
Ya zauna, amma da ɗan lilo, kaurin gashi.
Kunya ta kama ni, na ce bari in koma in gyara.
Ta riƙe murfin gam.
"Bar shi. Shi ma duk abin da ya yi
sai ya ɗan yi rawa."

Ta ɗora ruwa.
Na sha shayin, ba sukari, ban ce komai ba,
baƙin mai na nan a ƙarƙashin farcena,
ina ta ɓoye shi bayan kofi.