Furen Falalen Dutse

Bachisio, maginin katanga,
shekara sittin yana ɗora dutse bisa dutse
a tuddan Gallura, ba laka, ba siminti,
sai ido, sai tafin hannu mai kanta.

Ni ce Gavina, jikarsa. Na zo daga birni
da jaka ɗaya da takardar likita
mai cewa Kaka ba zai kai kaka ba.

Ya ce, "Ajiye takardar nan. Zo ki gani."
Muka hau, taku goma ya tsaya ya yi haki,
ƙararrawar tumaki na kaɗawa can ƙasa,
iskar teku na shafa mana gishiri a leɓe.

A kan falalen dutse,
inda ƙasar ba ta cika cokali ba,
ga ta nan, ko tsawon yatsa ba ta kai ba.
Ganye ja jawur, a kumbure
kamar shinkafar da ta kwana a ruwa,
fure shuɗi-shuɗi, mitsi-mitsi,
sai ka ce sama ce ta zube aka manta ba a share ba.

Ya tsinki ganye ɗaya ya matse.
Ɗigo ya fito.
"Ruwan Janairu ne," in ji shi.
"Ɓoye shi ta yi. Ba ta roƙi kowa ba."

Na ce zan ciro ta in dasa a tukunya.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ki ba ta taki ki kashe ta?
Shekara ɗaya tak aka yanka mata.
Ana gama sausayar tumaki za ta bushe ƙayau.
Ba ta jayayya. Iri take zubawa a tsaga,
wanda ya fi yashi ƙanƙanta,
ta bar wa dutse ajiya."

A Agusta muka binne shi.
Katangarsa ta ƙarshe ta tsaya iya gwiwa.
Na ɗora mata duwatsu uku, biyu suka faɗo.

Yau Afrilu. Na hau ni kaɗai,
ban tsaya ko sau ɗaya ba, abin ya ba ni haushi.
Falalen ya yi ja, ya yi shuɗi, har ya fi bara.
Na durƙusa, na matse ganye ɗaya.

Wannan ruwan bayansa ya sauka.
Na lasa.
Ba zaƙi, ba ɗaci,
sai ɗan sanyi a kan harshe.