Layin Shaida

A tsibirin Gimaras, inda teku ke lasar gindin gonarmu,
bishiyar mangwaro arba'in da biyu babana Leoncio ya gada,
ya gaji har da gajiyarsu.
Shekara uku suna huda kamar rassa za su karye,
da iska ta yi ɗan tari
sai 'ya'yan su zube, ƙanana kamar ƙwayar gyaɗa.

Na dawo daga makarantar noma da littafi da taurin kai.
Nang Felisa, mai shanya ciyawar teku a kan gado na gora,
ta ba ni ragowar da masu saye suka raina.
Na sassara, na zuba a shuɗin duro,
na haɗa da maɗin rake da hanjin kifi,
na ɗaure bakin da tsumma.
Kwana ashirin da ɗaya tsimin yana numfashi.
Warinsa ya kori kaji, ya kori maƙwabta,
ya kori ƙanena Dionisio zuwa kwana a kwalekwale.

Baba ya ce, "Kakanki hayaƙi yake turara musu su yi fure.
Ke kuma miya kika dafa wa itace?"
Na ce, ba tuwo ba ne, Tatai, tashi daga barci ne.
Saiwa ta miƙe ta nemo rabonta,
ganye ya jure rana,
ɗan da ya ƙullu ya riƙe reshe, kada ya saki.

Murfi biyu a tulun feshi, da asuba, kafin raɓa ta bushe.
Layin ƙarshe kuwa, bishiya shida, na ɗaura musu jan ƙyalle.
Waɗannan ba za su ɗanɗana ba.
Su ne shaida. In kowa ya sha, da wa za a gwada?

Ban lura ba, ta huɗu a layin
ita ce wadda Nanai ta dasa da hannunta
daminar da take ɗauke da cikina.
Baba ya dubi ƙyallen, ya dube ni, ya shige gida.

'Ya'ya suka kai girman ƙwan kaza.
Muka hau tsani muna lulluɓe kowane da tsohuwar jarida,
gona ta cika da labarin bara yana reto.
Ranar tsinka na zauna gaban sikeli da alƙalami.
Waɗanda suka sha sun ɗara, ba ninki ba, amma sun ɗara,
fata sumul, zaƙi har cikin kunne.
Biyar na layin shaida suna nan yadda na san su.

Ta huɗu ta ɓata min lissafi.
Kwando tara. Na sake ƙirgawa, tara.
Na zargi ƙasa, na zargi iska, na zargi idona,
har sai da na tsinci kwalba a ƙarƙashin busassun ganye,
bakinta na warin hanjin kifi.

Da dare na tarar da shi yana fere mangwaro a ƙofa.
Hannun rigarsa ya riga bakinsa ba da shaida.
Ya miƙo min ɓari ɗaya ba tare da ya ɗago kai ba.
"Ki hana kowa," ya ce, "ban da ita."

Na buɗe littafi, na soke shida, na rubuta biyar.
Ruwan mangwaro ya ɗiga a kan lambar,
ban goge ba.