Ɓawon Lemo a Kassala

Shekara talatin da ɗaya ina matse lemo
a bakin tashar mota,
Dutsen Taka yana leƙen mu
kamar tsohon da ya zo kasuwa ba kuɗi.
Ruwan na mai biya ne.
Ɓawon kuwa na awakin Haj Tijjani,
da ke zuwa da buhu bayan la'asar,
ko sallama ba ya ƙarasawa.

Sai ga Mahasin, autata, daga jami'a,
da farar riga mai aljihu uku.
Ta ce, Baba, daga yau ajiye mini.
Na ce, da akuya za ki yi takara?

Ta wanke shi kamar kayan jego.
Ta hana a shanya a rana,
wai rana ɓarauniya ce, sai inuwar zaure.
Kwana shida gidanmu yana ƙamshi.
Ta daka a turmin uwarta, ta tankaɗe,
ta auna da ma'aunin da ko numfashi ke motsa shi.

Ranar Laraba ta kai ni ɗakin bincikensu.
Na tuɓe takalmi, yara suka yi dariya.
Garin yana jiƙe a kwalba tun jiya,
ta tace da farar takarda,
wata butar gilashi tana juyi cikin ruwan ɗumi
har buhuna guda ya ƙanƙance,
ya koma baƙin maɗi, bai cika cokali ba.

Wannan ke nan? na ce.

Ta ce, iskar da muke shaƙa ita ke cin ƙarfe.
Ka ga tsatsar wuƙarka?
Haka take yi wa mai a tulu,
haka take yi wa jiki, a hankali, ba amo.
Wannan shi ke tare mata hanya.
Ta ɗiga shi cikin wani ruwa shunayya,
ina kallo ya kwaɗe, ya zama ɗorawa.
Na yi salati a ciki.

Ni dai ɗan kasuwa ne, ido yakan ci bashi.
Ta san halina.
Ta cika kwalba biyu da man riɗin Gadarif,
ɗaya da ɗigon, ɗaya haka nan,
ta jera su a tagar da rana ke duka.
Bayan sati bakwai ta ce, hancinka ne alƙali.
Ta hagu ta yi ɗaci, har maƙogwaro.
Ta dama kamar jiya aka matso.

Haj Tijjani ya yi wata guda ba ya gaishe ni.
Yanzu dusar da aka tace ake busar masa,
ya ce awakin ba su yi ƙorafi ba,
shi ne dai bai huce ba.

Da safe nakan riƙe lemo kafin in sa wuƙa.
Wannan fata ta sha zafin bakin Gash wata da watanni,
ƙuda, ƙura, hannun masu tayi,
na ciki bai san an yi ba.
Ina feɗe ta a tsanake, zare guda, kada ta tsinke.

Direban Bor Sudan yana buga tebur:
Ya Haj, lemo na ce, ba aski ba.