Sikelin Ido

Tasalla ta dawo makaranta da sabuwar magana:
wai a Turanci akan ce a auna abokin takara.
Baba Ɗanjummai ya ajiye tiya, yana dariya:
"Da wane sikeli? Mutum buhun masara ne?"

Ran Talata, a kasuwar Kawo,
wani mai hatsi ya kafa rumfa daura da tamu.
Baba bai ce uffan ba.
Ya dubi takalminsa,
ya dubi ɗaurin bakin buhunsa,
da gyaran da ya yi wa tsohuwa tun ba ta roƙa ba.

"Wannan zai daɗe."

Tasalla ta rufe littafinta.
Washegari, tiyar Baba ta ƙara tozo.